Abin da Jimrau Ya Faɗa a Bariki

A shekarun da aka kafa bariki a Dakoro, bayan yaƙin Jamus ya ƙare, tafintan wurin wani dogon mutum ne mai sanyin murya, sunansa Mainassara. Ubansa Bagobiri ne, baduku a Birnin Lalle, ya rasu tun yaron bai yi wayo ba. Uwarsa Hanatu Bafillata ce. Da ta fita takaba sai ta goya ɗanta ta koma rugar yayanta, Arɗo Jimrau, can wajen Rumbu. A nan Mainassara ya tashi yana bin maruƙa, yana Fillanci kamar kowane ɗan ruga, Hausar ubansa kuma bai yar da ita ba. Wata shekara aka aiko daga Maradi cewa kowane arɗo ya ba da yaro a kai lakwal, makarantar Nasara. Jimrau yana da nasa ƴaƴan maza, amma marayan ya miƙa. Har Mainassara ya girma bai taɓa tayar masa da maganar ba, tsohon ma bai taɓa tayar da ita ba. A haka suke son juna, kowa da abin da ya haɗiye.

A lakwal aka cusa masa Faransanci da bulala. Abin da ya fi shan duka a kansa wasu ƴan kalmomi ne guda biyu. Bafaranshe in zai ce maka "kai", hanya biyu gare shi. Akwai "tu", wadda yake ce wa ɗansa da matarsa da amininsa, ita ce kuma yake ce wa baransa da karensa. Akwai "vous", wadda asalinta "ku" ce ta jama'a, amma ita ake ce wa mutum guda in ana ganin girmansa. Mainassara ya haddace su, ya haddace yadda kalmar aiki ke sake wutsiya a bayan kowace.

Ya yi aiki a Tasawa, ya yi a Madawa, kafin a kawo shi Dakoro. Duk tsawon shekarun nan shi yana ba da vous, ana mayar masa da tu. Nasaran da ko gemu bai fara ba ya ce masa tu. Matar mai kanti ta ce masa tu. Tun abin yana sukarsa har ya koma kamar tsohon tabo, ba ya zafi sai an danna.

Ana nan sai aka kawo sabon kumandan, saurayi siriri mai yawan goge gilashin idonsa. Kafin ya kwana biyu mutanen gari sun sa masa Mai Tabarau. Ranar da Mainassara ya fara shiga biro, wato ofishinsa, ya gaishe shi, Nasaran ya miƙe daga kujera, ya nuna masa benci, ya ce da Faransanci, "Ku zauna, Mushe Mainassara."

Mainassara ya waiwaya ya ga ko wani ya biyo shi. Ba kowa. Shi kaɗai ne, kuma vous aka ce masa, har da "Mushe", wato malam a bakinsu.

Da ya koma gida bai ko cire hula ba ya ba matarsa Mariama labari. Tana bakin murhu tana kwashe tuwo, ta saurare shi har ya gama.

"To, malam," ta ce, "ya ce maka ku, ka zama mutum biyu ke nan? Ni dai tuwon mutum guda na tuƙa."

Ya yi dariya, amma ranar har ya kwanta kalmar tana masa daɗi a kunne.

Mai Tabarau mutum ne mai son harsuna kamar yadda wani ke son dawaki. Ya ce a koya masa Hausa. Kullum bayan la'asar, in an rufe biro, sai a fitar musu da kujeru biyu ƙarƙashin wata aduwa da ke bayan bariki. Mainassara ya faɗa, shi ya maimaita, wani lokaci ya zana a ƙasa da tsinke. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne "kai" da "ke", wai Bahaushe ba ya iya kiran mutum sai ya nuna namiji ne ko mace. Sannan ya lura da wani abin.

"Ku duba," ya ce. "Mu a wurinmu kalmar aiki ce ke wahala. Je vais, tu vas, nous allons, kowane mutum da tasa wutsiyar. Ku kuwa kalmar tana tsaye, mutumin ne ke sake riga. Na tafi, ka tafi, mun tafi, zan tafi, nakan tafi. Wa ya tsara muku wannan?"

"Haka muka taras, ranka ya daɗe."

A lokacin yaƙi Mai Tabarau ya zauna a Ingila, ya iya harshensu. Wata rana ya ba Mainassara labarin da bai taɓa ji ba. Ya ce a da can Ingilishi ma biyu gare su kamar Faransawa: "thou" ta mutum guda, "you" ta jama'a da manya. Kalmar aiki kuma tana da tata wutsiyar a bayan thou, sai a ce "thou goest", in wani ake nufi kuma a ce "he goeth". Yanzu duk an gundule. "I go, you go, we go", abu guda ne, sai wata ƴar guntuwar wutsiya da ta rage a "he goes".

"Ina thou ɗin ta tafi?" in ji Mainassara.

"Mutuwa ta yi. Kowa ya fara tsoron ya ce wa wani thou a ɗauka raini ne. Attajiri ya ƙi a ce masa, mai shago ya ƙi, har mai wankin kaya ya ƙi. A hankali ta ɓace daga bakin mutane. Yanzu sai a coci kawai, in suna roƙon Allah."

"Allah suke ce wa tu?"

"Shi kaɗai ya rage."

Mainassara ya tuna shi ma in ya ɗaga hannu "Kai" yake ce wa Ubangiji, bai taɓa lura ba. Amma ba wannan ne ya tsaya masa ba. Ƙasa guda, sarki da mai sharar titi kalma ɗaya ake ce musu!

"Ashe su suna girmama kowa ke nan," ya ce.

Mai Tabarau ya ƙyalƙyale da dariya. "Ingilishi? Ku tambayi ƴan'uwanku na Katsina da ke ƙarƙashinsu. Ni a ganina ma asara suka yi. Mutum ba shi da kalmar da zai ce wa uwarsa wadda ta bambanta da ta baƙon da ya gamu da shi a hanya."

Mainassara ya ji an ba shi abu mai daraja, ya ga ya kamata ya rama. Ya laluba cikin abin da ya mallaka, ya ɗauko wanda ya fi so. Ya ce Fillani "mu" biyu gare su. In Bafillace ya ce "minen", mu ke nan ban da kai da ake wa magana. In ya ce "enen", mu ke nan har da kai a ciki.

Nasaran ya yi zumbur ya miƙe. Ya ce babu wannan a Faransanci, babu a Ingilishi, babu ma a Hausa. Ya sa aka yi ta ba shi misali har ya tabbata ya kama. Ya nuna kansa da gidajen Nasara ya ce minen. Sannan ya nuna kansa, ya nuna Mainassara, ya ce, "Enen." Mainassara ya koma gida da magariba yana tafe kamar an rage masa nauyin jiki.

A wannan lokacin manoma suna ta haurowa daga kudu neman sabuwar ƙasa. Mai Tabarau yana son a ce a zamaninsa hatsi ya yalwata a Dakoro, don haka duk wanda ya zo neman daji sai ya ba shi. Cikin wuraren da ya bayar har da fadamar da ke kewaye da wata tsohuwar rijiya a arewa da Rumbu, wadda uban Jimrau ya sa aka gina, inda shanunsu ke sha in tabkuna sun ƙafe. Manoma suka sassabe, suka shuka har bakin rijiya. Burtalin da shanu ke bi ya shige cikin gonaki.

Jimrau ya zo bariki ya kai kuka. Mainassara ne ya fassara. Mai Tabarau ya saurara da kyau, ya ce zai zo da kansa ya duba. Tsohon ya sake dawowa da damina ta yi tsakiya, aka ce masa a bari ruwa ya ɗauke. Mainassara ma ya taɓa maganar a ƙarƙashin aduwa, ya ce shanu in ƙishi ya kama su ba sa sanin gona. Nasaran ya ce gaskiya ne, ya tambayi yadda ake cewa "ƙishi" da Fillanci, magana ta bi can.

Ruwan shekarar ya ɗauke da wuri. Tabkuna suka ƙafe hatsi bai kai yanka ba. Wata safiya samarin ruga suka kasa riƙe garke, ko kuma suka ƙi riƙewa, shanu suka keta gonaki suka nufi rijiya. Manoma suka fito da gatura da sanduna. Kafin a raba, wani manomi mai suna Harisu yana kwance, an fasa masa kai. Bai kai la'asar ba ya cika, ya bar mata da tsohon ciki. Samarin suka gudu arewa. Jimrau kuwa ranar yana kasuwar Ajekoriya, a can labari ya same shi.

Kisan kai ba abin da za a rufe a Dakoro ba ne. Aka ce babban kumandan na Maradi yana tafe da kansa. Mai Tabarau ya kira Mainassara biro, fuskarsa duk ta faɗa.

"In na aika gardi masu tsaron bariki da bindiga, wani jinin za a zubar," ya ce. "Ku kawunku ne. Ku je ku zo da shi. Magana kawai za a ji daga bakinsa, ya koma gida. Na san ba ya wurin, kowa ya sani."

Mainassara ya ɗaura wa doki sirdi ya tafi. Ya taras da ruga shiru, mata sun daina zuwa tallar nono. Jimrau yana zaune a kan buzu gaban bukka yana murza igiya. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo, sannan Mainassara ya faɗi abin da ya kawo shi.

Tsohon bai ɗaga kai daga igiyar ba. "Ka yarda da shi?"

"Kawu, wannan ba kamar sauran ba ne. Na zauna da shi, na san shi. Yana girmama ni."

"Da me?"

"Da magana. Yadda yake kirana, ba haka sauran ke kirana ba."

Jimrau ya ɗago ya dube shi. "To," ya ce. "Kai ka san su. Mu ne muka kai ka ka san su." Ya ajiye igiyar, ya ce a kawo masa rawaninsa.

Hanatu ta fito da ƙwaryar kindirmo. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa. Ta ajiye ƙwaryar gabansa, ta juya gefe kamar da ƙasa take magana. "A dawo da shi yadda aka tafi da shi," ta ce.

"Za a dawo da shi, Inna."

Da hantsi aka zauna a barandar bariki. Babban kumandan wani ƙaton mutum ne jajir, tafiya ta gajiyar da shi, yana ta share wuya da hankici. Mai Tabarau yana gefensa, akawu yana ƙasa da alƙalami. A waje jama'a sun cika fili. Matar Harisu tana zaune a inuwar bango ta lulluɓe, yayan mijinta yana tsaye a kanta.

"Kai, tambaye shi," in ji babban, da tu ɗin da Mainassara ya saba ji. "Wa ya kashe mutumin?"

Jimrau ya ce ba ya wurin, bai ga sandan da ya faɗi a kan mamacin ba. Aka ce ya faɗi sunayen samarin da suka gudu. Ya ce samari da yawa sun tafi arewa da shanu, kowace shekara haka suke. Babban ya buga tebur. Ya ce ba daga Maradi ya taso don a yi masa yawo da hankali ba, an kashe mutum, tilas wani ya kashe shi.

Jimrau yana jin Hausa sarai, da ita ma yake amsawa tun farko. Amma da maganar ta zo masa wuya sai ya koma harshen uwarsa. Ya dubi matar da ke zaune a inuwa, sannan ya juyo ya kafa wa Mai Tabarau ido. Ya faɗi ƴar gajeriyar magana, a hankali. Ma'anarta, mu muka kashe shi. Kuma enen ya ce.

Bakin tafinta ya saba da gudu. Kafin tsohon ya ja numfashi ya ci gaba, Mainassara ya riga ya juya ta da "nous", don ita kaɗai Faransanci ke da ita. Babban ya ɗaga hannu.

"Madalla. Ya isa. Rubuta."

"Ranka ya daɗe, bai gama ba," in ji Mainassara. "Kuma ba haka take ba. A Fillanci mu iri biyu ce. Wadda ya faɗa tana nufin har da wanda ake wa magana. Yana nufin shi da jama'arsa, da manoma, da... da bariki. Kan maganar burtali."

"Wane burtali?" Babban ya juya wajen Mai Tabarau. "Wace irin magana ce wannan? Mu ai mu ce. Ku da aka ce kun iya yarukan nan, akwai abu haka?"

Mainassara ya ji sanyi a ransa. An tambayi mutumin da ya fi kowa sani a wurin.

Mai Tabarau ya cire gilashinsa ya shiga gogewa. Ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce e, ya taɓa jin wani abu mai kama da haka, amma irin ƙananan abubuwan nan ne da masana nahawu ke so, makiyayi a daji ba ya tsayawa tantance su. Ya ƙara da cewa ya kamata mai girma kumandan ya sani, tafintan ɗan ƙanwar wanda ake tuhuma ne, ba abin mamaki ba ne in zuciyarsa ta rinjaye shi. Ya mayar da gilashin, ya dubi Mainassara da fuskar tausayi.

"Ku zauna, Mushe Mainassara," ya ce. "Kun gaji. Wani zai karɓe ku."

Da vous ya faɗa, cikakkiya, ba abin da ya rage mata.

Aka kira wani gardi da ya taɓa zama cikin Fillani aka tambaye shi me enen ke nufi. Ya ƙame ya ce, "Mu." Ba ƙarya ya yi ba. Akawu ya rubuta.

Jimrau ya ga an sauya mai fassara, ya ga gardi biyu sun matso. Ya gane. Ya ɗaga murya da Hausa yadda duk filin zai ji. "Na ce har da shi! Har da wanda ya ba da hanyar ruwa aka noma!" Jama'a suka ɗauki guna-guni. Babban ya tambayi me tsohon ke ihu a kai, gardin ya ce faɗa yake yi. Mai Tabarau, wanda a lokacin ya ji Hausa har yana wasa da ita a kasuwa, ya sunkuya yana duban takardun gabansa.

Da za a wuce da Jimrau ya tsaya gaban ɗan ƙanwarsa.

"Me ka gaya musu?"

"Abin da kuka ce, Kawu."

"Duka?"

Mainassara ya sunkuyar da kai. Aka ja tsohon. Kafin azahar kamyon Maradi, babbar motar kaya, ya tashi da shi a baya, rawaninsa a warware a kan cinya.

Washegari Mai Tabarau ya sa aka kira shi, ya rufe ƙofar biro. Ya zagayo daga bayan tebur ya dafa masa kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka gane mana, abokina," ya ce. "In aka rubuta maganar burtalin nan, ni za a ɗauke. Ka san wa za a kawo? Wanda zai cike rijiyar ma gaba ɗaya. In ina nan zan iya gyarawa. Zan rubuta a sassauta masa. Kai ma ka daina ce mini vous, mun wuce nan."

Tu yake ce masa. Mainassara ya tsaya yana sauraren kalmar. Ya san akwai tu ta amini, akwai ta bara, kuma a baki duk ɗaya suke. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya gane wacce ce wannan, ya kasa. Hannun da ke kafaɗarsa yana da gumi.

"Yadda kuka ce, ranka ya daɗe," ya amsa. "Akwai mutanen Birnin Lalle a waje suna jira."

A Maradi aka yanke wa Jimrau shekaru a gidan kaso, a kan cewa shi ne shugaba kuma ya amsa da bakinsa. Ko takardar sassauci ta tafi, ko ba ta tafi ba, Mainassara bai sani ba. Bayan an cire amfanin gona Mai Tabarau ya hau doki ya je rijiyar, ya sa aka kafa duwatsu aka fitar da burtali. Manoma ba su yi gardama ba. Aikin bai kai azahar ba aka gama. Mainassara yana tsaye yana fassara, yana kallon yadda abin ya zo da sauƙi, har ya koma gefe ya tofar da yawu.

Zaman ƙarƙashin aduwa bai tsaya ba. Kumandan ya ce a ci gaba, tafinta kuwa ba ya cewa a'a. Ana fitar da kujeru, Nasaran ya yi tambaya, Mainassara ya ba shi amsar abin da ya tambaya daidai, ba ƙari. Mariama ta ga mijinta ya rage ci, ya rage magana. Ta ce ya bar aikin su koma Birnin Lalle, ko dukancin ubansa ya koya. Ya ce hannunsa bai san fata ba, bai san garma ba, sanda ma ya mance riƙonta. Abin da aka koya masa ke nan, ya tsaya tsakanin mutum biyu ya ba da baki.

Ya je rugar ya gaya wa uwarsa yadda aka yi. Ta saurara tana juya masa baya. Ƴaƴan Jimrau suka gaishe shi a tsaye, ba wanda ya shimfiɗa masa tabarma.

Sau ɗaya ya samu izini ya je Maradi. Ya tafi da cuku da goro. Ya taras an aske wa tsohon kai, an sa shi cikin masu jan ruwa suna ba lambun bariki. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, yana tari. Bai yi ƙorafi ba, bai tayar da maganar baranda ba. Shanu kawai ya tambaya, ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta, wadda ta haihu da wadda ta yi ɓari. Mainassara bai san amsar ko guda ba. Ya riƙa cewa lafiya lau suke. Da lokaci ya cika, Jimrau ya ɓare goro ya ba shi rabi, ya ce ya gaida Hanatu.

Da bazara ta zagayo aka yi wa Mai Tabarau ƙarin girma aka kai shi Yamai, babban birni. An yi masa kiɗa, sarakuna sun zo sallama, ya yi jawabi da Hausa jama'a suka yi ta mamaki. Bai daɗe da tafiya ba takardar waya ta zo daga Maradi cewa ɗan kaso Jimrau tari ya kashe shi, an riga an rufe shi. Mainassara ne ya karanta wa sabon kumandan, don shi ke buɗe irin waɗannan. Ya nemi izinin kwana guda.

Ya isa wajen Rumbu rana ta take. Inda rugar take ba kowa. Sai da'irar ƙaya ta garke, da tokar murhu, da turakun maruƙa da aka bari a kafe. Ya sauka ya taɓa tokar, ta yi sanyi tun tuni. Ya ja dokin zuwa rijiya. A can ya taras da wani Buzu mai suna Intalla, wanda ya sani tun suna yara, yana shayar da raƙuma.

"Sun tashi," in ji Intalla. "Fataken shanu sun riga ka kawo labarin. Sun yi sadaka, suka kwashe. Sun ce ƙasar ta ishe su."

"Ina suka nufa?"

Intalla ya nuna arewa maso yamma da haɓa. "Wajen Tawa, in ji su. Wa ya sani."

"Da tsohuwata?"

"Da ita. A kan jaki na gan ta."

Mainassara ya riƙe linzami da hannu biyu. "Ba ta bar saƙo ba?"

Buzun ya daɗe yana naɗe igiyar guga. Da alama yana so a ce akwai. "Ba ta ce mini komai ba," ya ce. "Kawo dokin ya sha."

Dokin ya sha ya ƙoshi. Mainassara ya hau, ya bi sawun garken. Sawun a fili yake, kashin shanu ya bushe a kan yashi, ga inda suka tsaya suka ci sabara, ga inda wani jaki ya kauce aka dawo da shi. Ya bi har rijiyar ta ɓace a bayansa, har ya hau wani tudu inda ake hangen nesa. Ba komai gaba sai ƙaya da hasken rana. Ya tsaya a nan dokin yana kaɗa ƙuda da wutsiya. Gobe da safe akwai shari'ar gona tsakanin wasu mutanen Ajekoriya, sabon kumandan kuwa ko gaisuwa bai iya da Hausa ba. Ya juya kan dokin ya kama hanyar Dakoro.